Bikin Halowin: Kada A Ɗora Wa Maƙwabci Kayan Da Ba Nasa Ba

Duk shekara idan watan Oktoba ya doshi ƙarewa, wayoyin yaranmu kan cika da hotunan mutane sanye da fuskokin dodanni, wasu sun yi shigar fatalwa, wasu ta mayu, wasu kuma sun shafe jiki da jan fenti kamar jini. Wannan shi ne bikin da Turawa ke kira Halowin, wanda ake yi a daren 31 ga Oktoba. A da, sai wanda ya yi zaman Turai ko Amurka ne ya san da shi. Yau ana yin sa a otal-otal da gidajen rawa da wasu makarantun kuɗi na Kwatano da Legas da Abuja da Abijan, kuma duk wanda ya san Gaya ya san cewa abin da ya sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano ba ya daɗewa bai iso bakin kogi ba. Bikin bai zauna da gindinsa a garinmu ba tukuna, amma kayansa sun riga shi isowa. Masu sana'ar bosho, wato gwanjo, sun fi kowa sani: ka kwance dila ka tarar da rigar yaro mai zanen ƙwarangwal, ko hula mai tsini irin ta mayya, ko riga mai hoton kabewa tana yaƙe haƙora.

Abin da ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana shi ne irin fassarar da ake yi wa wannan biki a rumfuna da tasha da wurin masu shayi. Da zarar an nuna hoton a waya, sai ka ji an yanke hukunci cewa ai sallar Kiristoci ce. Maganar tana da sauƙin faɗa, ga ta kuma da saurin yaɗuwa, amma ba haka abin yake ba, kuma a ƙasa irin tamu irin wannan kuskure yakan jawo asarar dukiya da ta rayuka. Gaskiyar magana ita ce su kansu Kiristoci sun daɗe suna jayayya a kan wannan biki, kuma da yawansu sun fi kowa ƙinsa. Ya kamata ɗan kasuwa da ke cuɗanya da kowane irin mutum ya san yadda zancen yake tun daga tushe.

Asalin abin daga tsibirin Ailan da ƙasar Sikotilan ne. Tun kafin addinin Kirista ya isa can, mutanen wurin suna da wani biki da suke kira Sawin, wanda ke zuwa a ƙarshen kaka, lokacin da aka gama girbi, aka sauko da dabbobi daga makiyaya, aka yanka na yankawa domin tanadin sanyi. Suna hura manyan wutace, kuma sun yi imani cewa a wannan dare iskoki kan fito su yi yawo cikin mutane. Daga baya aka sami al'adar yara da samari su ɓadda kama, su bi gida gida suna wasa ana ba su abinci. Wannan ɓangare shi ne abin da masu suka ke nufi idan sun ce bikin na maguzawan Turai ne.

Akwai kuma ɓangaren majami'a. Paparoma Giregori na uku, wanda ya yi zamani daga 731 zuwa 741, ya keɓe wani ɗakin ibada a birnin Rum domin tunawa da dukan tsarkaka, wato bayin Allah na addininsu da suka riga mu gidan gaskiya. A shekarar 835 aka tabbatar da 1 ga Nuwamba a matsayin ranar tsarkaka a daular Faransawa ta wancan lokaci, daga nan ta bazu. Ita ce ranar da masu jin Faransanci ke kira Tusen. Kashegarinta, 2 ga Nuwamba, ta zama ranar yi wa matattu addu'a. Kalmar Halowin kanta daga tsohon Turanci ta fito, ma'anarta jajibirin ranar tsarkaka. Masana tarihi sun rabu a kan ko majami'a ta zaɓi wannan rana ne don ta danne bikin Sawin. Wasu sun ce haka ne. Wasu, irin su Ronald Hutton na Ingila, sun nuna cewa majami'un Ailan a watan Afrilu suke yin ranar tsarkakansu da farko, saboda haka ranar Nuwamba daga wani wuri ta zo musu. Ko ma dai yaya ne, al'adar gargajiya da kalandar majami'a sun haɗu a rana guda, suka cakuɗe.

Wanda ya mayar da bikin yadda muke ganinsa a waya kuwa, ɗan kasuwa ne. Yunwar da ta auka wa Ailan daga 1845, sa'ad da cuta ta kama dankalin Turawa, ta kori mutane fiye da miliyan guda, akasarinsu zuwa Amurka, suka tafi da al'adarsu. A gida wani tushen ganye suke ƙwaƙulewa su sa fitila a ciki, a Amurka suka tarar da kabewa, wadda mu nan miyar taushe muke yi da ita. Cikin ƙarni na 20 kamfanonin alewa da na tufafi da masu shirya finafinan ban tsoro suka rungumi ranar. Ƙungiyar ƴan tireda ta Amurka ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 kaɗai Amurkawa sun kashe dalar Amurka biliyan 12.2 a kan wannan biki, kuɗin da ya haura ninki biyu na kasafin kuɗin ƙasarmu na shekarar. Fuskokin roba da rigunan kuwa, yawancinsu a ƙasar Sin ake yin su, musamman a yankin birnin Yiwu da ƴan kasuwarmu masu zuwa saro suka sani. Wanda ya sa rigar sau ɗaya sai ya jefar, ta shiga dila, ta hau jirgi, ta iso hannunmu.

To, me Kiristoci ke cewa? Idan aka duba za a ga sun kasu kashi uku. Kashi na farko sun haramta shi ɗungurungum. Hujjarsu ita ce Littafi Mai Tsarki, a cikin Maimaitawar Shari'a sura ta 18, ya hana duba da tsafi da neman magana da matattu, kuma a ganinsu sa wa yaro rigar mayya ko ta shaiɗan wasa ne da abin da ba a wasa da shi. Yawancin majami'un bishara da na Fentikos, waɗanda su ne suka fi yawa a cikin Furotesta na yankinmu, a nan suka tsaya. Shugabannin majami'ar Otodoks ta Rasha sun sha yin Allah wadai da bikin. Shaidun Jehobah ba sa yin sa, ba sa ma yin Kirsimeti. Wannan tsanani kuma ba sabon abu ba ne a cikinsu. A shekarar 1647 majalisar Ingila ta hana bikin Kirsimeti, a yankin Masacuset na Amurka kuma an ci tarar masu yin sa daga 1659 zuwa 1681, bisa dalilin cewa babu shi a cikin littafi kuma ya cika shagali. A nan kusa da mu, Fasto Kumuyi, shugaban majami'ar Deeper Life ta Nijeriya, ya faɗa a 2013 cewa majami'arsa ba ta bikin Kirsimeti saboda tana ganin asalinsa ya haɗu da bautar gumaka. Wanda ya ƙi Kirsimeti a kan wannan dalili, ai ba sai an tambaye shi ra'ayinsa a kan Halowin ba.

Kashi na biyu suna ganin wasan yara ne kawai, wanda ma'anarsa ta dā ta mutu tuntuni. Yaron da ya yi shigar likita ko ta ɗan sama jannati ya karɓi alewa a gidan maƙwabci, in ji su, bai bauta wa kowa ba. Hujjar da suke kawowa ta shafi kasuwa kai tsaye. A birnin Koranti na ƙasar Girka, yawancin naman da mahauta ke sayarwa ragowar yankan gidajen gumaka ne, sai mabiya suka tambayi Manzo Bulus ko ya halatta su ci. A wasiƙarsa ta fari zuwa gare su ya ba su izinin sayen nama a kasuwa ba tare da bin diddigin inda aka yanka shi ba, tun da gunki ba kome ba ne, amma ya gindaya sharaɗi: idan cin zai sa ɗan'uwa mai raunin zuciya ya yi tuntuɓe, a bari. Suna kuma tuna cewa a shekarar 601 Paparoma Giregori na farko ya umarci masu wa'azin da ya tura Ingila kada su rushe ɗakunan tsafin mutane, su tsarkake su su mayar da su wuraren ibada, su kuma bar wa jama'a ranakun shagalinsu da sabuwar manufa. Iyalai da yawa na Katolika da na Furotesta a Amurka a wannan ra'ayi suke.

Kashi na uku sun ce hana yaro abin da yake ganin tsaransa na yi ba tare da an ba shi madadi ba, tura shi ne ya yi a ɓoye. Saboda haka suka ƙirƙiro nasu. A birnin Paris, tun daga 2002, matasan Katolika suka fara wani taro a daren 31 ga Oktoba na waƙoƙi da addu'a domin tunawa da tsarkaka, abin ya bazu zuwa Sipaniya, inda yara ke yin shigar tsarkaka maimakon ta dodanni. Furotesta da yawa suna kiyaye ranar a matsayin ranar gyaran addini, domin a 31 ga Oktoba 1517 ne Martin Luther ya fitar da batutuwansa 95 a garin Witenbag na Jamus. Wasu majami'un Amurka kuma bikin godiyar girbi suke shiryawa a harabarsu a wannan dare. Kashi ukun nan har gobe suna muhawara, amma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ce Halowin farilla ce ta addini. Babu majami'ar da ke kiran sallar Halowin.

Idan muka dawo gida, Kiristocin Nijar ƴan ƙalilan ne, kuma tarihinsu a bayyane yake. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, Katolika suka kafu a Yamai a 1931, asibitin Galmi da dubban Musulmi ke zuwa neman magani ya buɗe a 1950. Manyan bukukuwansu biyu ne, Nowel da Ista, kuma ƙasa ta san da su a kalandar hutu. A Gaya, ban da ƴan ƙasa, akwai baƙin da kasuwa ta kawo daga Benin da Togo da Nijeriya: masu gyaran mota, masu ɗinki, masu kitso, masu sayar da kayan gyara da magani, malaman makaranta. Abin da Bakatolike ke yi a 1 ga Nuwamba shi ne ya je majami'a, kashegari ko a ranar ya je maƙabarta ya share kabarin iyayensa ya yi musu addu'a. A Benin ranar hutu ce ta ƙasa. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya nufi maƙabarta da tsintsiya a wannan rana, kada ya haɗa shi da abin da ya gani a TikTok.

Hasali ma, Kiristan da ya fito daga kudancin Benin ya san wannan muhawara fiye da Ba'amurke, domin a ƙasarsu dodo ba na roba ba ne. Akwai Egungun, waɗanda mabiyansu ke ɗauka kakanni ne suka dawo, akwai Zangbeto masu gadin dare, kuma tun cikin shekarun 1990, addinin Bodun ya sami ranarsa ta hutu a watan Janairu. A garin Wida babbar majami'ar Katolika tana kallon ɗakin tsafin mesa ne, titi kawai ya raba su. Paparoma Yohana Bulus na biyu ya gana da shugabannin Bodun a Kwatano a watan Fabrairun 1993, abin da wasu Kiristoci suka yaba, wasu kuma suka ji haushinsa. Akwai kuma Kaleta, wasan da yara ke yi a ƙarshen shekara, daidai lokacin Nowel, inda suke rufe fuska su bi gida gida suna rawa ana ba su ƴan kuɗi. ƴantattun bayin da suka komo daga Burazil ne suka zo da shi. Wani uba Kirista yakan bar ɗansa ya yi Kaleta, wani kuma ya hana, kuma dukansu ranar Lahadi suna majami'a.

Mu ma da muke wannan gefen kogi ba baƙin irin wannan tambaya ba ne. Idan azumi ya kai kwana goma, yaran Hausawa kan fito tashe, wani ya liƙa gemun auduga ya yi shigar tsoho, wani ya yi ta mace, suna bi gida gida ana ba su hatsi ko kuɗi. Yaran Zabarmawa suna da nasu da ake kira tobai-tobai. A Wagadugu akwai wasan dodo na watan azumi, wanda fataken Hausawa suka kai can. Bikin kamun kifi na Argungu, nan kusa da mu a jihar Kabi, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934, yana tafe da al'adun ruwa da suka girmi wannan shekara nesa ba kusa ba. Kokawar takobi da muke alfahari da ita tun 1975 ba ta rabuwa da layu da guraye. A kan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, malamanmu sun yi magana, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta, wasu sun ce a gyara a ci gaba. Ashe ke nan tambayar da Kirista ke yi wa kansa a kan Halowin ita ce wadda Musulmi ke yi wa kansa a kan abin da ya gada: yaushe al'ada ke zama wasa, yaushe take zama shirka? Kowane gida yana da irin wannan tsohuwar tukunya a ɗaka.

Dalilin da ya sa muka nace a kan wannan bayani shi ne mun ga abin da rashinsa ya haifar. A watan Nuwamban 2000, sa'ad da aka shirya bikin nuna tufafi na FIMA kusa da Yamai, zanga-zangar ƙin jininsa ta rikiɗe a Maraɗi, aka kai wa majami'a da gidan ƴan mishan hari, alhali kuwa babu faston da ya ɗinka riga ko ɗaya a wannan biki. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga, jaridar da ta saba yi wa Paparoma kansa izgili, mutum 10 suka mutu a Damagaram da Yamai, kuma ƴan sanda sun ƙirga majami'u 45 da aka ƙone a Yamai kaɗai, ban da otal-otal da shaguna. A watan Yunin 2019 an sake ƙona wata majami'a a Maraɗi a kan rikicin da ke tsakanin wani malami da hukuma. A duk lokutan nan abu ɗaya ne ya faru: laifin wani ne a wani wuri, aka kawo takardar biya ƙofar maƙwabci. Ba mu manta ba kuma da Musulmin da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu a 2015, su ne suka fitar da mu kunya. Kuma duk ranar da gari ya rikice, kasuwa ce ke fara rufewa, mai tumatir da mai kifi su ne ke fara asara, domin kayansu ba sa jiran a sasanta.

Matsayinmu a fili yake. Ba mu ga amfanin a shigo mana da wannan biki ba. Ba shi da saiwa a ƙasarmu, ba ya tuna mana da kowa, ba ya koya wa yaro kome sai kashe kuɗi da sha'awar abin tsoro. Wanda ya taɓa ganin gawa a bakin hanya saboda ƴan bindiga ba ya bukatar jinin fenti. A wannan mun yi daidai da yawancin fastoci da limaman yankinmu. Amma ƙin abu daban, ɗora wa wani alhakinsa daban. Wanda duk ya tashi yin wa'azi a kan Halowin, a masallaci ne ko a rediyo ko a saƙon murya na WhatsApp, to ya kira shi da sunansa na gaskiya, wato hajar kamfanoni da finafinai, kada ya laƙaba shi ga mutanen da su ma suke yaƙi da shi a cikin gidajensu. Haka kuma ba mu goyon bayan a tare yaro a hanya a doke shi don rigar da uwarsa ta saya masa dala ɗari a gwanjo ba tare da ta san ma'anar zanen ba.

Ga ƴan kasuwa kuma akwai lissafi. Wani zai ce kasuwa ba ta da addini, abin da ake nema shi ake kawowa. To, a dubi abin da ya faru a Faransa. A 1997 kamfanin tarho na ƙasar ya jibge dubban kabewa a tsakiyar Paris don tallar wata sabuwar waya, manyan kantuna suka bi sahu, bikin ya yi tashe na ƴan shekaru. Kafin tsakiyar shekarun 2000 kasuwarsa ta faɗi, aka bar masu shaguna da kaya a hannu. Hajar Halowin ta dare ɗaya ce. Atamfar da ba a saya ba a ƙaramar salla tana jiran babba, takalmin da ya kwana a Nowel zai fita a sabuwar shekara, amma fuskar dodo idan ta wayi garin 1 ga Nuwamba sai ta shekara a kwali, kuma roba ba ta shiri da zafin watan Afrilu. Tun da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kowa ya ɗanɗana yadda kuɗin dakon kaya ya hau, daga mai kwalekwale zuwa ɗan dako zuwa mai kabu-kabu. Jarin da aka sha wannan wahala aka tsirar da shi bai kamata a binne shi a cikin abin da ba shi da mai saye ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sai batun tsaro, wanda ya fi kome. Garin da ke tsakanin iyakoki biyu, da daji a gefe, da masu ɗauke da makamai suna kai da kawowa tsakanin Dosso da Kabi da arewacin Benin, ba wurin da mutum zai rufe fuska ya fita da dare ba ne. Jami'in da ke bakin shinge ba shi da lokacin tantance mai wasa da mai mugun nufi, ɓarawo kuma ba abin da yake so irin daren da kowa ya ɓadda kama. Ko tashe da muka gada, ƴan sandan Kano sun dakatar da shi a 2022 saboda ɓata-gari sun mayar da shi hanyar ƙwace. A birnin Seul na Koriya ta Kudu, ƙasar da ita ma aro bikin ta yi, mutum 159 ne suka rasa rayukansu sanadiyyar turmutsitsin daren 29 ga Oktoban 2022 a wani ɗan lungu, akasarinsu matasa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna kira ga masu kwance dila da masu kasa kaya su riƙa duba abin da suke sayarwa. Rigar da ke ɗauke da ƙoƙon kai ko ƙahon shaiɗan, a gaya wa mai saye abin da ke jikinta, in ya so ya ɗauka da saninsa. Kada a yi tallarta da sunan kayan sallar Kirista don a ja hankalin baƙo, domin ƙarya ce, kuma ƙaryar da ke iya komowa kan mai rumfar da ke kusa da kai. Ga iyayenmu mata na kasuwa, ku ne kuka fi kowa sanin gaskiyar zaman tare: wadda ke miƙo miki canji idan naki ya ƙare, wadda ke tsare miki tire idan kin tafi salla, wadda kuke zubin adashi tare, sau da yawa ba addininku ɗaya ba. Idan magana ta taso, ku tambaye ta kai tsaye yadda abin yake a majami'arsu. Amsar da za ta ba ku ta fi saƙon da ba a san wanda ya fara turo shi ba. Idan kuma irin wannan saƙo ya shigo waya yana zuga mutane, a bar shi ya mutu a nan, kada a tura gaba.

Muna kira ga fastoci da limaman Katolika na yankin su fito su bayyana matsayinsu da Hausa da Dandanci da Zabarmanci a gidajen rediyo kafin ƙarshen Oktoba, domin wanda bai faɗi abin da yake ba, wani zai faɗa a madadinsa. Limamai da masu wa'azi su ma su nemi sani kafin su hau mumbari. Masu makarantun kuɗi da ke sha'awar kwaikwayon abin da ake yi a manyan birane su tuna cewa iyaye, Musulmi da Kirista, ba don wannan suke biyan kuɗin makaranta ba, kuma babu dalilin tilasta wa yaro shigar da gidansu ba su yarda da ita ba. Idan ana son ranar da yara za su yi ado su yi wasa, ga kayan Dandawa da na Cangawa da na Fulani da na Hausawa, ga tatsuniya, ga langa, kuma kuɗin ɗinkin zai tsaya a hannun telan garinmu. Hukuma da sarakunan gargajiya kuwa, abin da ke kansu shi ne su hana rufe fuska da dare ga kowa da kowa, ba tare da ambaton addinin wani ba, su kuma tsawata wa duk mai neman hura wuta tun tana ƙarama.

Gaya gari ne da ya rayu da baƙo. Rake da rogo da kifi da muruci da gishirin Foga ba su taɓa tambayar mai saye inda yake fuskanta idan zai yi addu'a ba. Sabbin abubuwa za su ci gaba da ƙetaro kogi, wasu masu amfani, wasu marasa amfani, kuma haƙƙin kowane uba da kowace uwa ne su tace abin da zai shiga gidansu. Abin da ba haƙƙin kowa ba ne shi ne ya ɗauki abin da ya ƙi ya rataya a wuyan maƙwabcinsa. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya tsare mana ƴaƴanmu, ya kawo kasuwa mai albarka.